Ranar da Hindu Ta Ƙulle Kurmin Kaba

Duk wanda ya ci kasuwar Mayahi a shekarun da gyaɗa ke tashe ya san rumfar 'yan tabarma, kuma in ya san rumfar to ya san Hindu ta Garin Hamani, ko da bai taɓa sayen komai a hannunta ba. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk tabon yankan kaba, muryarta kuwa daga bakin mahauta ana jin ta. Ba ta iya lallashin mai saye ba sam. In ka yi wa tabarmarta tayin wulaƙanci, naɗe abarta take yi ta zauna a kai, ta ce ka je ka kwanta bisa ƙasa tunda ita ce daidai da kai. Duk da haka kafin la'asar kayanta sun ƙare, domin tabarmar Hindu sai ta ga auren yaron da aka yi wa suna a kanta.

Ba 'yar garin ba ce. A wani ƙauye gabas da Tasawa aka haife ta, ɗiyar Gajere mai tufkar igiya, kuma a gindinsa ta koyi kaba tun ba ta iya ɗaura zane ba. Aure ne ya kawo ta Garin Hamani, kusa da garin Sarkin Hausa. Mijin, Mahaman, bai yi tsawon rai ba. Ya bar ta da 'ya'ya biyu, Mutari na fari da ƙanwarsa Lauratu, da wata gonar jigawa wadda ko a shekarar albarka ba ta cika rumbu. Zawarawa sun zo, sun ji bakinta, sun koma. Da saƙar kaba ta yi renon yaran nan har suka zama mutane.

Kabar kuwa daga wuri guda take fitowa. Yamma da gari, a cikin kwarin gulbi, akwai wani tabki da ake kira Tabkin Gauraka. Kurmi ne ya kewaye shi: goruba dogaye a tsakiya, giyayya a bakin ruwa, sai kaba, wato 'ya'yan goruba da ba su tashi ba, cunkus a gefe har ta kai ƙirjin mutum. Da damina gauraka na ƙwai a cikin ciyawar bakin ruwa, kirinjijiya na sauka garke-garke, damo na shan hantsi bisa kututture. Da rani ruwan ya janye ya bar ɗan gurbi a tsakiya, gaiwa ta shige taɓo ta kwanta, Fulani su biyo da shanu su sha su wuce. Wurin ba gonar kowa ba ce. Kakanni sun bar shi na gari, kuma a takarda, in ji masu takarda, na gwamnati ne.

Hindu ta ɗauki kurmin nan kamar tsakar gidanta. Ba wanda ya naɗa ta, ita ta naɗa kanta. Ta sha ƙwace ƙwan gauraka daga hannun ƙarti ta mayar a sheƙa, ta sha tsinka tarkon maharba ta kawo musu igiyar har gida, ta jefa a zaure. Mutane na cewa tana da aljanu a wurin. Ba aljani ko ɗaya. Abin da take da shi shi ne ta taɓa ganin tabki ya mutu. A garinsu akwai irinsa, inda ta yi wanka tana yarinya. Aka sassabe kabar gefensa aka yi gonaki, ruwan sama ya riƙa kwaso rairayi yana zubawa ba abin da ke tare shi. Da ta je gaisuwar mutuwar ubanta, gero ta tarar ya yi kai a daidai inda suke kamun gaiwa.

Matan Garin Hamani suna da wata al'ada a kurmin. In mace ta ga gindin kaba mai kyau amma bai isa yanka ba, sai ta kama ganye biyu na sama ta ƙulle su. Shi ke nan, gindin ya zama nata har ranar da ta kwance da hannunta. Kowace mace da irin ƙullinta, wanda ta gada wurin uwarta ko ta ƙirƙiro, kuma kowane yaro a garin ya tashi ya san na uwarsa, don shi ne a bakin jakar hatsinsu da igiyar akuyarsu. Taɓa ƙullin wata abin kunya ne babba. Amma abin bai wuce gindi biyar ko shida kowace mace ba, maza ma ba su ɗauke shi bakin komai ba.

To, sai ga mulkin kai, sai ga gyaɗa. Ko'ina ka juya maganar ke nan, a noma gyaɗa a gina ƙasa. Da kaka kamiyo, wato babbar motar kaya, ke zuwa har bakin gari yana lodin buhuna, kwanon sha ya kori ƙwarya a ɗakunan amare, samari suka fara sanin daɗin keke. Gonakin jigawa kuma suka fara gajiya, don an hana su hutun da aka saba ba su. Idon kowa ya koma kan kurmi, inda ƙasa ke baƙa wuluk.

Wanda ya fito da maganar fili shi ne Mutari. Kada a ɗauka mugun yaro ne, ko kusa. Ya ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, daga baya aka kai shi Maraɗi koyon noman zamani, ya dawo da keke da garmar shanu da bijimai biyu, da kai cike da shawara. Abin da ya dame shi gaskiya ne. Samari kusan talatin a garin ba su da ko taki ɗaya na kansu, kowace rani sai su tsallaka Katsina ko Kano cin rani, wasu ba su dawowa. Ya ce a sassabe kurmin, a tuge kututture yadda garma za ta wuce, a raba musu. Ya yi ta zarya zuwa Mayahi har ya samo takarda mai hatimi. Mai gari Sule ya sa albarka. Aka sa ranar gayya, Alhamis ta sama, kafin ruwan farko.

Hindu a bakin rijiya ta ji. Ta dawo gida tulunta rabi.

Mutari ɗan fari ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana ido da ido. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa bango ko akuya, shi kuma ya tsinta. Washegari da safe ya shigo gaishe ta, ya tsuguna nesa kaɗan. Tana saƙa, ba ta ɗago ba. Ta dubi akuyar da ke ɗaure a turke.

"Ke, a hwaɗa ma mai keke, wanga aiki da ya ɗauko ba alheri ba ne. Kabar ga ita ka riƙe rairai. In anka cire ta, shekara biyar tabki ya zama hili."

Mutari ya yi murmushi, ya ce, "Inna, ba a taɓa ruwan. Gehe kawai za mu nome. Mushe, malamin da ya koya muna, ya auna wurin da kainai."

"A tambaye shi, mushen nan ya taɓa ganin tabki ya mutu? Ni na gani."

"Inna, samari na watsewa. Mi za mu ba su, ƙwan gauraka?"

Ta ja zaren kaba ta tsuke shi har ya yi ƙara. "A ce mishi da kabar ga anka yi mishi wando na hwarko."

Ya tashi yana dariya, ya ce in don kaba ce, mata su je su yanke iyakar abin da suke so kafin Alhamis, ba mai hana su. Ya fita yana ganin ya yi adalci.

Ta je wurin mai gari. Sule ya saurare ta yana sakace, ya ce takarda ta riga ta fito, kuma maganar ƙasa ba ta mata ba ce. Dattawan da ke zaune suka yi 'yar dariya. Ɗaya ya ce ta yi haƙuri, in gyaɗa ta yi kyau ɗanta zai saya mata katifa ta huta da tabarma. Hindu ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah Ya ba shi lafiyar kwanciya a kai, ta juya.

Daga nan ba gida ta nufa ba. Gida-gida ta bi, tana shiga ba doguwar sallama, tana samun mata a bakin turmi. Abin da ta roƙa ƙanƙane ne: kowace ta zo kurmi ta yi ƙulli, ba biyar ba, ba shida ba, iyakar abin da hannunta zai iya. Ba duka suka yarda ba. Wasu 'ya'yansu na cikin masu jiran rabo, suka ce mata ta fita musu daga gida, kuma ba za a ga laifinsu ba. Wata ta ce ita kwanon sha take so, ta gaji da ƙaiƙayin kaba. Amma da yawa sun shiga tunani, don kowace ta san daga ina kuɗin gishirinta da na sabulunta ke fitowa, kuma ta san gyaɗa in an sayar aljihun namiji take shiga.

Wadda ta karya ƙarfin masu jan ƙafa ita ce Kadijatu, uwar mai gari Sule, tsohuwar da ta kai shekara uku ba ta fita ƙofar gida ba. Da Hindu ta gama yi mata bayani, sai ta ce a ɗaura wa jaki akumari. Aka ɗora ta, mata biyu na riƙe da ita, aka ratsa tsakiyar gari da rana tsaka. Ta yi ƙulli bakwai da hannunta, ta ce a mai da ita.

Kwana uku mata na shiga kurmi tun hantsi har la'asar. Maza na ganinsu daga gindin bishiyar bedi, suna cewa ga su can suna wawar kaba kafin a sare. Ko mutum ɗaya bai lura cewa suna dawowa hannu wofi ba. Namiji bai cika duban abin da mace ta ɗauko a kai ba, sai in abinci ne.

Ranar Alhamis gari ya tashi da kiɗa. Danda makaɗi ya rataya gangar noma yana gaba, maza fiye da sittin na biye da gatura da adduna, har da waɗanda aka gayyato daga ƙauyukan kusa. Matar Mutari da ƙawayenta sun dama fura ƙwarya-ƙwarya an jera a inuwa. Mutari na tsakiya, takardarsa a aljihun riga, fuskarsa kamar ta ango. Danda na yi wa samari kirari ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga gatari suna ihu.

Da suka iso bakin kurmi, ihun ya fara raguwa daga gaba, ya bi layi har baya. Iyakar ganin ido, kowane gindin kaba da ƙulli a kansa. Wani saurayi ya matsa ya duƙa, ya miƙe a hankali ya ce, "Wanga na innata ne." Wani ya ce ga na matarsa. Wani ƙato da aka sani da taurin kai ya tsaya gaban wani gindi ya yi tsuru-tsuru, don ƙullin kakarsa ne, wadda ta rene shi. Mai gari Sule ya zo da faɗa yana tambayar abin da ya tsai da mutane, aka nuna masa guda bakwai a jere. Ya daɗe yana kallonsu, sa'an nan ya gyara rawaninsa ya koma gefe.

Layin gaba kuwa, wanda ke bakin hanya, duk ƙulli iri ɗaya ne, mai kunne biyu da karkata hagu. Hindu ta yi haka da gangan. Ta san a gayya mai gayya ne ke fara sara, kafin ya sara ba mai ɗaga hannu. Tana tsaye a wurin, ta ci ɗamara da gyale, sauran mata na can baya cikin goruba.

Mutari ya fiddo takarda ya ɗaga. "Jama'a, ga hatimi. Wanga ƙulli wasan mata ne. Doka ta ba mu wurin ga."

A nan ne Hindu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dubi ɗanta na fari tsakiyar ido, gaban maza sittin, ta yi masa magana kai tsaye.

"To ga shi nan. Kai ad da gayya, kai ka hwara. Ka san ko na wa ne."

"Inna, ki kwance."

"Ba ni kwancewa."

"Inna, don Allah ki kwance, kar ki kunyata ni gaban mutane."

"Hannuna ya ƙulla, kuma bai gaji ba. In takardarka ta iya kwance ƙulli, ba ta ta kwance."

Wani daga baya ya yi dariya, kuma dariyar nan ce ta ɓata komai. Jijiyar wuyan Mutari ta tashi. Ya karɓi gatari daga hannun na kusa da shi, ya ɗaga, ya sauke a gindin kabar. Sara uku ya tuge ta. Ƙullin ya faɗi a rairayi gaban ƙafar uwarsa.

Ya juya yana haki, yana jiran ganga. A al'ada da saran farko makaɗi ke sakin kiɗa, maza su afka. Danda ya riƙe gula a sama, ya dubi abin da ke ƙasa, ya dubi Hindu, ya sauke hannunsa a hankali. Mutari ya daka masa tsawa ya buga. Danda ya ce, "Ban iya ma wanga kiɗi ba."

Hindu ta taka zuwa gindi na biyu ta tsaya. Mutari ya bi ta ya sare shi. Ta matsa na uku, ya sare. Ta taka zuwa na huɗu. Kafin ya ɗaga gatari, wani dattijo cikin baƙin da aka gayyato ya saɓa addarsa a kafaɗa ya ce shi noma aka kira shi, ba a kira shi ya tsaya kallon ɗa na sare hannun uwarsa ba. Ya kama hanya. Mutanen ƙauyensu suka bi shi. Daga nan sai gayya ta riƙa zubewa biyu-biyu, uku-uku, kowa na kallon ƙasa. Har samarin da za a raba wa gonar suka sulale. Aka bar Mutari shi kaɗai da gatari a hannu, da fura a inuwa ba wanda ya taɓa.

Matan da ke cikin goruba suka fara guɗa. Hindu ta juya ta watsa musu harara, guɗar ta mutu a maƙogwaro. Ta tsince ganyen da aka sare, ta ɗaure, ta ɗora a kai, ta wuce gida.

Gayyar da ta watse ba a yi aiki ba, ba ƙaramin abu ba ne ga namiji. Kafin mako ya zagayo labari ya kai har garin Gidan Amumune. In abu ya lalace tun ba a fara ba, sai ka ji an ce ya yi gayyar Mutari. Ya daina zama dandali, ya daina zuwa kasuwa. Mai gari ya ce shi ba ya sake sa baki a maganar da ta kai ga ɗora uwarsa bisa jaki. Takarda ta zauna a aljihu.

Bayan ruwan farko, da hantsi, Mutari ya shigo gidan uwarsa. Ya rame. Ya tsuguna inda ya saba.

"Inna, na yi laihi. Ki yahe mini."

Ta ce, tana duban saƙarta, "An yahe."

"Abu guda nika roƙo. Gehen gabas kaɗai, ɗan tsiri, ko na mutum biyar. Ki kwance shi in nome, in samu abin da zan ɗaga kai da shi cikin garin ga. In ba haka ba, ban iya zama."

Maganar ta taɓa Hindu. Tana son yaron nan fiye da yadda kunya ta taɓa barinta ta nuna, kuma ta san ba barazana yake yi ba. Ta so ta ce to. Kalmar ta zo har bakinta. Amma ta san kurmin kamar tafin hannunta, kuma gefen gabas shi ne mashigar ruwa, ta nan kwazazzabo ke gangarowa daga jigawa da rairayinsa. Da yamma ya roƙa, ko arewa, da wataƙila ta ba shi. Ta gaya masa haka. Ya ce yamma taɓo ne, arewa hanyar shanu ce, garma ba ta da wurin shiga sai gabas.

"To babu," in ji ta.

"Inna, ni da kaba, kaba kika zaɓa?"

Ta ajiye saƙar. "Kai kana da ƙahwa. In ka tahi, kana komowa. Tabki in ya tahi ba shi komowa."

Ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa, ya ce ta huta lafiya. Bai jira kaka ba. Ya sayar da bijiman, ya bar wa Lauratu garma ta ajiye, ya ɗora matarsa da 'ya'yansa uku a amalanke suka nufi Maraɗi. Daga baya aka ji ya tsallaka Katsina, yana aiki wurin masu awon gyaɗa. Yakan aiko da turmin atamfa da goro kowace salla, da gaisuwa a bakin direbobi.

Tabkin ya zauna. Gauraka suka yi ƙwai a daminar nan da wadda ta biyo, mata suka ci gaba da yankan kaba, kuma daga shekarar ba a ƙara barin layin gabas ba ƙulli ba. Hindu ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka tana saƙa tana faɗa da masu tayi. Duk ranar kasuwa takan zaɓi bakin rumfa, inda ake ganin masu saukowa daga motar Maraɗi, ta ce wai nan ne iska ke shigowa. Mutari bai komo ba.

A ciwonta na ƙarshe Lauratu na jinyarta, ta ga uwar ta ƙura wa ƙofa ido, sai ta kasa daurewa. Ta ce, "Inna, da kin ba shi tsirin nan. Da yanzu shina nan zaune."

Hindu ta yunƙura kamar za ta tashi, muryar nan ta kasuwa ta dawo mata. "Ko yau ya shigo ya roƙa, ba ni kwancewa."

Ta koma ta kwanta. Can ta ce, a hankali, "Amma ki leƙa ki gani, kamar na ji tsayuwar mota."